Na Sa wa Yayata Hannu a Takardar Gidan Mahaifinmu

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan zauna in rubuta nawa ba. Karatuna ba mai zurfi ba ne, sakandare kawai na gama, ita ma da ƙyar, don haka a yi haƙuri da yadda na tsara maganar. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk wanda ya shigo labarin nan ya fi ni gaskiya.

A lokacin da abin ya faru na ɗan haura shekara arba'in, ina aikin gadi a wani babban ɗakin ajiye kaya da ke bayan Old Kent Road a Landan, ina da mata da 'ya'ya uku. A nan ni ba kowa ba ne, mutum ne mai rigar gadi da ke ɗaga wa motoci ƙarfe su wuce. Amma a gida Zariya, tun rasuwar mahaifinmu, ni ne babban ɗa namiji, ni ne na Landan. Idan na yi magana a zauren dangi na waya, sai ka ga ƙannena suna ta jero ranka ya daɗe. Mutumin da ya wuni ana wuce shi ba a ko kallonsa, idan ya sami inda ake girmama shi haka, abin yakan shige masa kai. Ni dai ya shige mini.

Ina da yaya mace, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ita ta goya ni. Aure ne ya kawo ta Landan, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ci gaba da zama ita kaɗai a wani flat, ɗan gidan haya na ƙaramar hukuma, a Woolwich. Ta yi shekaru tana aikin shara a asibiti, ranakun hutu kuma tana yi wa mutanenmu masa da tuwo idan ana suna ko walima. Ita ta yi ɗawainiyar kawo ni ƙasar nan, ita ta riƙa bin layi da ni a ofishin shige da fice na Croydon cikin sanyi har takarduna suka fito. Turancinta na kasuwa ne, za ta yi ciniki, za ta yi faɗa da direban bas ta kuma ci nasara, amma wasiƙar hukuma ta fi ƙarfinta. Don haka tun zuwana duk wasiƙar da ta shigo sai ta ajiye mini, in na zo ta miƙo ta ce Ɗan Inna, a duba mata me Turawan nan suke so kuma. Idan wurin sa hannu ne, sai ta ce in sa mata kawai, ba na ganin hannunta da ƙullu? A gidanmu wannan ba abin mamaki ba ne. Mahaifinmu ne yake sa wa Inna hannu a komai, shi yake sa wa 'yan'uwansa mata, ba mu ɗauke shi ha'inci ba, hidima muka ɗauke shi. A haka na iya sa hannun Yaya kamar nawa: sunanta da ajami, da wata 'yar wutsiya da take ja a ƙasa.

Shekara huɗu kafin abin da zan faɗa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Hannunta na dama ya mutu gaba ɗaya, ƙafar kuma tana jan ta, amma magana ta dawo, hankalinta kuwa ko kaɗan bai taɓu ba. Tun daga nan ba ta da zance sai na komawa gida. Ba ta ce Najeriya, ba ta ce Zariya, cewa take yi ɗakin Inna. Gidan mahaifinmu tsohon gida ne na ƙasa a cikin gari, ɗakin Inna yana can ƙurya, ƙofarsa tana kallon rijiya. Yaya ta ce da zarar likitoci sun sake ta can za ta koma ta ƙarasa kwanakinta, ta zauna a tabarma a ƙofar ɗakin, matan unguwa su riƙa shigowa suna gaishe ta da sunan da aka san ta da shi tun tana yarinya. Ba mafarki take yi ba, shiri take yi. Har ta sa an auno mata faɗin tagar ɗakin ta sayi yadin labule a kasuwar Woolwich.

Ana nan sai aka faɗaɗa titin unguwarmu, gidan ya dawo bakin hanya, wani ɗan kasuwa ya nuna yana so ya saya ya yi shaguna. Ƙannena maza uku da ke gida suka ce a sayar a raba gado. Ba zan ce ba su da hakki ba, suna da shi, kuma suna cikin matsi. Sai dai lauyan mai sayen ya ce ba zai yarda ba sai magada biyun da ke waje, ni da Yaya, mun aiko da takardar wakilci, wato takardar da ke cewa mun ba ƙaninmu izinin ya sa hannu a madadinmu a sayar, kuma dole a yi ta a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu a takardun doka. Kowa a dangi ya san Yaya ba za ta yarda ba. Ɗaya daga cikin ƙannen nawa, mai baƙar magana, ya rubuta a zaure cewa a bar zancen kawai, ashe na Landan ma mace ce ke juya shi. Aka yi ta dariya. A take na amsa cewa su bar mini Yaya, nan da mako biyu takarda za ta iso. Ban tambaye ta ba. Ban tambaye ta ba ne don na san amsar, kuma a nan laifina ya fara.

Lauyan ya turo takardar, na buga ta a wani shago, na zauna a ɗakin gadi lokacin hutun rana na sa hannuna, sannan na sa na Yaya a layin da ke ƙasa, na rubuta kwanan wata. Ko gwaji ban yi ba, hannuna ya saba. Matata ta ga takardar a aljihun rigata ta tambaye ni ko Yaya ta sani. Na ce maganar gidanmu ce, ta bar ta. Ta ce to Allah ya kyauta, amma dai in sani wannan ba takardar kuɗin gas ba ce. Na yi kamar ban ji ba.

A tunanina notari mai buga hatimi ne kawai, irin yadda na saba gani a gida, ka miƙa takarda, a buga, ka fita. Na sa ranar ganawa da wata notari da ofishinta ke saman wani kantin magani a Woolwich, dattijuwar Baturiya mai tabarau. Ta karɓi fasfo ɗina ta daɗe tana duban hoton tana duban fuskata. Ta nemi takardar da ke nuna adireshina. Ta ce in faɗa mata da bakina abin da takardar wakilcin ke nufi, na faɗa. Ta nuna sa hannuna ta tambaye ni ko ni na yi shi, kuma ko da son raina, na ce i. Ta sa na sake yin irinsa a wani babban littafi da take rubuta duk wanda ya zo gabanta. Har na fara murmushi, sai ta ɗora yatsa a kan layin Yaya ta ce ina mai wannan? Na ce ba ta da lafiya, amma ga fasfonta na zo da shi. Ta ce fasfo ba ya magana. Ta yi mini bayani a hankali cewa hatiminta ba ado ba ne, shaida ce. Idan ta buga shi, tana gaya wa lauyan Zariya da duk alƙalin da takardar za ta je gabansa cewa wannan mutum ya tsaya a gabanta, ta tabbatar shi ne, ya amsa cewa sa hannun nasa ne, ya fahimci abin da ya sa wa hannu, kuma ba wanda ya tilasta shi. Ta ce ba za ta yi shaidar abin da ba ta gani ba. Na ce in kira mata Yaya a waya su ga juna, ta ce a'a. Na ce zan rantse mata da Alƙur'ani, ta ce ta girmama rantsuwata, amma ba ni take buƙatar ji ba. Ta tambaye ni ko Yaya tana jin Turanci sosai, na ce kaɗan, amma ni zan fassara. Ta ce ba zai yiwu ba tunda sunana yana cikin takardar kuma ina da rabo a ciki, ita za ta nemo tafinta. Ta tambayi wane harshe ne, na ce Hausa, ta rubuta.

Na sauko ina dariya a raina. Mu Hausawan Landan mun saba ɗaukar harshenmu kamar wani ɗakin sirri, muna zance a bas da ƙarfi don mun san ba mai ji. Na ce a ina wannan tsohuwa za ta samo mai Hausa? Ƙarshenta ta nema ta rasa ta dawo kaina. A nan ya kamata in tsaya, domin an riga an nuna mini bango. Maimakon haka sai na wuce wurin Yaya na ce mata akwai wata takarda ta kuɗin tallafin da ake ba ta na rashin lafiya, wai sai ta je da kanta, kuma duk abin da aka tambaye ta ta ce yes kawai kada a ɓata mana lokaci. Ta ce ita fa ta gaji da mutanen nan, kullum sai sun ga mutum kamar su suka haife shi, amma to.

Ranar da za mu je na tarar ta yi kwalliya kamar za ta gidan biki, don ta daɗe ba ta fita ba. Maƙwabciyarta ta taya ta ɗaura leshi, ta yafa mayafi, ta fesa turare. A cikin tasi tana ta tsokanata wai tumbina ya kusa ya riga ni shiga mota, wai gadin me nake yi da wannan ciki, ɓarawo ma sai ya tsaya ya jira ni. Ta ce in mun gama mu biya kasuwa ta zaɓi kifi da kanta, don wanda nake sayo mata kamar an tono shi daga kabari. Ina dariya, takardar tana cikin jakata.

Da muka shiga ofishin sai na ga wata mata zaune, baƙa, mai furfura, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta miƙe ta ɗan rusuna ta ce wa Yaya sannu da zuwa Hajiya, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, da Hausar da ta fi tawa tsabta. Ashe haifaffiyar Zariya ce, 'yar gidan Kiristocin can, ta yi aikin jinya a nan har ta yi ritaya, yanzu tana yin tafinta. Yaya kuwa kamar an ba ta kyauta. Nan da nan suka shiga 'yar wace unguwa ce ke, kin san mai ƙosan bakin asibiti, ai ta rasu, Allah sarki. Yaya har tana cewa ai ita ma ta kusa komawa, in ta je gida ta zo ta same ta a ɗakin Inna su sha fura. Ina tsaye ina jin wannan.

Notari ta bar su suka gama, sannan ta karɓi fasfon Yaya ta duba fuskarta. Ta buɗe takardar ta dubi sa hannun, ta dubi na cikin fasfon, wanda aka yi tun kafin ciwo. Iri ɗaya ne sak, har da wutsiyar. Ta dubi kwanan watan da na rubuta, na makon da ya wuce. Sai ta sauke ido kan hannun Yaya na dama, yana kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe, ba ya motsi. Ta dai ɗago ta ce in ba su wuri, in jira a waje. Ƙwarewar da nake taƙama da ita ce ta tona ni, domin hannun da ya yi shekara huɗu bai riƙe cokali ba ba zai ja wannan layi mai santsi ba.

Na zauna a kujerar da ke baranda. Ƙofar ba ta da kauri, ina jin komai. Na ji tafintar tana karanta takardar da Hausa, a hankali, layi bayan layi. Na ji sunan mahaifinmu. Na ji sunan unguwarmu. Na ji iyakokin gidan, gabas da masallaci, yamma da gidan maƙera. Sannan na ji kalmar sayarwa. Daga nan notari ta yi tambayar da duk aikin nata ya rataya a kai, tafinta ta juya ta: Hajiya, wai wannan sa hannun naki ne? Yaya ta ce ƙaninta ne yake sa mata hannu shekara ashirin, ita ta ce ya riƙa yi, abin da ya sa wa hannu ita ta sa, don haka kada a wahalar da shi. A ganinta rufa mini asiri take yi. Tafintar ta yi ƙasa da murya ta ce Hajiya, aikina ne in faɗi duk abin da kika faɗa ba ragi, in faɗa haka? Yaya ta ce ta faɗa mana, ai ba sata ya yi ba. Da aka fassara, notari ta sake tambaya ko ta san da wannan takardar kafin yau, kuma ko tana so a sayar da gidan. Yaya dai ta ce ta gaji, a kai ta gida.

Aka kira ni ciki. Notari ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba za ta buga hatimi ba. Ta ce abin da na yi yana da suna a dokar ƙasar nan, yana iya kai mutum kotu, yana iya taɓa zamansa a ƙasar, kuma za ta rubuta a littafinta cewa ta ƙi da dalilin ƙin. Ta ce abin takaicin shi ne babu buƙatar haka tun farko, domin wanda hannunsa ya mutu yana iya yin alama da ɗaya hannun ko ya dangwala yatsa a gabanta, ta shaida, doka ta karɓa. Sannan ta sa aka tambayi Yaya ko tana tsorona, ko tana so a sanar da wani. Yaya ta ce wannan yaron ita ta goya shi, kada a kira kowa. Ina da furfura a gemu, aka fassara wa Baturiya cewa ni yaro ne da aka goya. Notari ta ɗauki katinta ta zagayo ta sa wa Yaya a hannun hagu, ba ta ba ni ba, ta ce duk ranar da take son yin wata takarda ta zo, amma ba tare da ni ba.

Muka kama hanyar komawa. Da muka zo daidai kasuwa na ce kifin fa, ta ce ta ƙoshi. Sai da muka shiga flat ta zauna, sannan ta tambaye ni abu biyu: an riga an yi ciniki? Na ce an yi. Ka ba su kalmarka? Na ce na ba su. Ta ce to. Da ina da hankali da na durƙusa a nan na nemi gafara. A maimakon haka na tsaya ina kare kaina. Na ce gado hakkin kowa ne, na ce yaran suna shan wahala, na ce gidan yana zubewa duk damina, na ce in ta koma wa zai kula da ita, ina asibitin da zai karɓe ta kamar na nan. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma duk da shi ya kamata in zo mata tun farko in faɗa, ta amsa ko ta ƙi. Ta saurare ni har na gama, ta ce in ja mata ƙofa in zan fita. Na yi mako uku ban taka gidan ba. Matata ce take zuwa da abinci. Ƙannena kuwa ina ta ce musu Turawa ne ke jan ƙafa, suna ta turo mini habaici.

Wata Asabar da rana ta kira ni ta ce in zo. Na tarar da babban ambulan a kan tebur. Ashe ta nemi tafintar nan a waya, ta raka ta wurin notari har sau biyu. A zuwan farko notari ta gan ta ita kaɗai da tafinta, ta ce sai ta kawo wasiƙar likitanta da ke nuna hankalinta daidai yake, ta kuma ce ta koma gida ta yi mako guda tana tunani. A zuwa na biyu ta tambaye ta sau uku, ta hanyoyi daban-daban, ko wani ne ya matsa mata, Yaya ta ce ba kowa. Na zaro takardar. Sabuwa ce, da jan hatimi da zare a gefe. A layin Yaya ga sunanta da ajami, an yi shi da hannun hagu, a karkace, haruffan suna hawa suna sauka, ya cinye layin har ya gangara ƙasa. Ban san minti nawa ta yi tana jan sa ba. Ta ce matan ƙannenmu sun kira ta, ta ji irin abin da ake faɗa a kaina a gida, kuma ita ba za ta zauna tana raye a riƙa kiran babban ɗan mahaifinta maƙaryaci a Zariya ba. Ta ce ga ta nan, ta halal ce yanzu, ba wanda zai kama ni. In na ga dama in aika, in na ga dama in ajiye, ita ta yi nata. Sannan ta ce in sa mata ruwan shayi.

Edita, wannan shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Notari ta yi aikinta har ƙarshe. Ta ga fuska, ta ga fasfo, ta ga wasiƙar likita, ta ga hannun yana rubutu, ta ji i sau uku. Abin da ɗan Adam zai iya tabbatarwa daga waje ta tabbatar. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da ya san abin da wannan i ɗin take nufi, ya san ba gidan ta daina so ba, ni ta fifita a kansa. Ni ne wannan mutumin. A karo na farko baƙuwa ce ta tare ni. A karo na biyu ba wanda zai iya tare ni sai ni kaina. Takardar ta kwana biyu a aljihuna. Matata ta ce in mayar wa Yaya da ita, in kira ƙannena in faɗa musu gaskiya, a nemi hanyar da za a fitar wa Yaya ɗakin Inna a cikin rabonta ko a jira. A rana ta uku na kai takardar ofisoshin da ake ƙara mata tambari kafin ta fita ƙasar, na aika.

Ba a yi wata huɗu ba aka rushe gidan. Ƙannena suka turo bidiyon motar rusau a zaure, ana ta yi mini kirari, na Landan ba ka faɗa a banza. Na roƙe su kada wanda ya tura wa Yaya, amma ta gani. Na je na ce mata zan gina mata ɗaki a sabuwar unguwa a bayan gari, da banɗaki a ciki, ya fi na da. Ta ce ta gode, Allah ya yi albarka, amma wa ta sani a can? Daga ranar ba ta ƙara yin zancen komawa ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Tsokanar ce dai ta daina. Na nemi gafararta daga baya, na yi kuka a gabanta, ta ce ta yafe, da sauri, kamar mai son a rufe zancen. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ciwon ya sake bugunta, wannan karon ya tafi da maganar. Yanzu tana wani gidan kula da tsofaffi a kudancin Landan, tagar ɗakinta tana kallon wurin ajiye motoci. Ma'aikatan suna da kirki, amma ba mai iya kiran sunanta daidai. Ina zuwa duk Lahadi, tafintar nan ma tana zuwa, ita da ba ta haɗa komai da mu ba. Likita ya ce ko da akwai inda za a kai ta, jikinta ba zai ɗauki jirgi ba yanzu. Shekarar da za ta iya tafiya ita ce shekarar da na aika takardar.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. Na daɗe ina ganin tsarin notari a matsayin fitinar Turawa da rashin yarda da mutane. Yanzu na gane an yi shi ne saboda irina, ba saboda ɓarayin waje ba. Wanda zai iya kwaikwayon sa hannunka ba baƙo ba ne, wanda ka yarda da shi ne, wanda yake karanta maka wasiƙunka. Shi ya sa suke cewa sai mai hannun ya zo da kansa, a fitar da ɗan'uwan waje, a karanta masa da harshensa, a tambaye shi. Mu kuma mun taso muna yi wa iyayenmu mata da yayyenmu magana, muna amsa musu, muna sa musu hannu, har mun manta cewa suna da abin da suke so wanda ba namu ba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu da ke waje da aka ɗora mana girman gida. Kada ka sa wa kowa hannu a takardar da ba ka karanta masa ba, ko da shi ya saba cewa ka sa. Kada ka ba dangi kalmarka a kan abin da yake na wani kafin ka tambaye shi. Idan kana gudun tambayar don ka san amsar, to ka riga ka ji amsar. Kuma idan wanda yake ƙaunarka ya miƙo maka abin da ka san ransa yana kai, da hatimi da shaida da komai, kada ka ce ai doka ta wanke ka. Doka ta wanke ni, takardar tana nan a ofishin lauya ba mai iya ƙalubalantarta har abada, kuma duk Lahadi ina zama a gefen gadon Yaya ina riƙe da hannun da ya rubuta ta. Wanda ya karanta wannan ya ji zai yi addu'a, don Allah ya fara da ita.